Shekarar da Injiniya Ya Shuka Kwalba

Tun kafin mu yi nisa gara in faɗa muku gaskiya: Injiniya ba injiniya ba ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin yin kwalabe, amma duk a bakin ƙofa ya yi su, yana ɗaga sandar ƙarfe in tifar yashi ta zo, yana sauke ta in ta wuce. Cikin kamfanin kuwa sau ɗaya tak ya taɓa leƙawa, ranar da aka sallame shi. Da zai taho ya haɗo da wata hular kwano mai ruwan ɗorawa ya kafa a ka, tun daga ranar duk wanda ya kira shi da ainihin sunansa sai ya yi kunnen uwar shegu da shi, har sai an ce Injiniya.

Bayan dawowarsa ya karɓi filin mahaifinsa a fadamar da ake noman rani, fili mai lamba sha bakwai. Filayen na ƙungiyar manoma ne, aro take ba mutum, kuma dokarta a rubuce take: duk wanda shukarsa ta mutu shekara biyu a jere, a karɓe filin a ba wanda ke gaba a jerin masu jira. Mutum goma sha ɗaya ne a jerin nan. To, bara gishiri ya taso wa fadamar, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari, shinkafa ta riƙa ƙonewa daga bakin ganye. Kowa ya ji jiki, amma kowa ya tsira da wani abu, ban da Injiniya. Shi bokiti biyu ya kawo gida, matarsa Maman Biyu ta sheƙe, iska ta tafi da ɗaya da rabi. Sakataren ƙungiya ya rubuta masa shekara ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, don shekara talatin mahaifinsa ya yi yana noma filin nan, sai dai Injiniya ba mutumin da zai bari a ga tsoronsa ba ne.

Ana shirin dashe sai ƙungiya ta gayyato Malamar Gona, wata 'yar siririyar mata mai haƙurin tsiya, ta yi musu bayani a rumfar taro. Ta zo da bokiti biyu na shinkafa da aka shayar da ruwa mai gishiri iri ɗaya, ɗaya ta yi ja ta langaɓe, ɗayar na tsaye da korenta. Ta ce gishiri ruwa yake bi ya shiga ta saiwa, ya hau har ganye ya taru, sai shuka ta riƙa jin ƙishirwa alhali a cikin ruwa take tsaye. Amma akwai wani sinadari da ake kira silikon, in saiwa ta sha shi a narke sai ya yi mata yaɓe daga ciki, ya toshe yawancin kafofin da gishirin ke silalewa, ya kuma ƙarfafa ganye yadda ba zai riƙa ɓarar da ruwansa a banza ba. Ta ce ba sai sun je ko'ina nemansa ba, yana nan jibge a bayan injin casa: buntun shinkafa, ɓawon nan da ake zubarwa. A ƙona shi a hankali, a cakuɗa tokar da ƙasa. Ta kuma ja musu kunne cewa silikon ba ya kashe gishiri, taimakon shuka kawai yake yi ta jure. Dole a riƙa wanke fili da ruwan daɗin da ƙungiya ke saki, kuma kada wanda ya kusanci tsohuwar rijiyar fadama, don ruwanta zartsi ne, gishiri gare shi.

Injiniya bai ji wannan ƙarshen ba. Tun da aka ambaci silikon ya miƙe tsaye yana ɗaga yatsa.

"Malama, ki yi haƙuri in katse ki. Wannan abin da kike lallaɓawa kamar ƙwai, ni shekara ashirin da biyu ina buɗe masa ƙofa. Yashi ai shi ne silikon. Kwalba kuma yashi ne da ya yi karatu."

Aka yi dariya, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Malama ta ce ya yi gaskiya, akwai shi a yashi, akwai shi a kwalba, amma a kulle yake, ba ya narkewa yadda saiwa za ta sha. Injiniya ya gyara zaman hularsa ya ce wannan maganar littafi ce, shi da idonsa ya ga yashi ya narke yana gudu kamar ruwa.

Akwai wani tsoho mai fili lamba sha takwas, abokin mahaifin Injiniya ne, kowa Kawu yake ce masa. Ko ɗago kai bai yi ba ya tambaya: "A ruwa ya narke, ko a wuta?"

"A wuta mana, Kawu."

"To ka ce mana a murhu za ka dasa shinkafar."

Nan fa ran Injiniya ya ɓaci. Ya ce su je su yi ta birgima a toka kamar kaji, shi noman kamfani zai yi, kuma ranar da ƙungiya za ta fito duba gona da ƙafarsu za su zo roƙon iri. Sakatare ya tambaye shi ko a sa wannan maganar a cikin rahoton taro. Ya ce a sa, a kuma ja mata layi a ƙasa.

A gida Maman Biyu na kan keken ɗinkinta ya kawo mata labari, ya ƙara masa gishiri da cewa har Malama sai da ta rubuta wasu bayanansa. Ba ta daina taka keken ba ta ce ya je ya karɓi toka kamar kowa, tunda shekara ɗaya ta rage musu ba ta gwaji ba ce. Ya ce shi ya sa ita tela ce shi kuma injiniya. Ya aika aka kira masa ƙaninta, direban tifa, ya ce yashi yake so, tifa uku.

Ranar da Direba ya iso da lodin farko ya tsaya a bakin fadama ya leƙo ta taga, ya ce hanyar nan ta keke ce da jaki, tifa ba za ta bi ba.

"Yaya, gefen nan taɓo ne, ɗaya gefen kuma hanyar ruwan jama'a."

"Kai dai ka kalli hannuna. Tifofin da na shigar a rayuwata sun fi kwanakin da ka yi a duniya."

Ya shiga gaba yana ja da baya yana yafuce, taho, taho, karkata kaɗan, taho. Abin da ya manta shi ne ƙofar kamfani shimfiɗe take da kankare. Tayar baya ta zame, tifa ta karkace a hankali kamar mai neman wurin kwanciya, ta juye lodin gaba ɗaya a cikin babbar hanyar ruwa. Kuma ranar ce ranar sakin ruwa. Kafin a ankara ruwa ya taru ya ɓalle ta gefe, ya share gadajen renon shinkafa na mutum biyar, mutum ashirin na ƙasa kuma ko ɗigo bai isa gare su ba. Duk fadama ta fito da shebur da fartanya, aka yini ana haƙa ana gumi ana kiran sunan Injiniya da abubuwan da ba za su rubutu ba. Shi kuwa yana tsaye a kan tudu yana ba da umarni, har ya sanar da su cewa kamata ya yi su gode masa, tunda ruwan da ya ratsa yashin nan silikon zai kai wa kowa kyauta. Wani daga cikin ramin ya dunƙulo taɓo ya auno shi. Ranar ce hular kwano ta fara yin aikin da aka yi ta dominsa.

Ƙungiya ta yanke masa hukunci: mako biyu ba shi da rabon ruwa. Sauran lodi biyun a bakin fadama Direba ya juye su, Injiniya ya kwashe su a baro shi kaɗai, kwana shida, ya shimfiɗa yashi a filin har ya kai tsawon taƙi, ya dasa shinkafa. Sai kuma batun ruwa. Ya aro injin ban ruwa ya jefa tiyo a tsohuwar rijiya. Kawu ya tuna masa abin da Malama ta ce, ya ce ai wannan gargaɗin na masu toka ne, shi filinsa ya riga ya sha magani. Yashin ya ɗaga filin ya fi na maƙwabta tsayi, in ya cika shi da safe kafin azahar ya tsotse, sai ya sake cikawa, rana ta sake ƙafar da shi ta bar gishirin a sama. Cikin kwana goma fari ya ninka na bara.

Kawu ya tsaya a kan iyaka wata safiya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wuri ya yi kyau. Yashi ga shi, gishiri ga shi, kifi kaɗai ya rage."

Da shinkafa ta fara yin ja, Injiniya ya zagaya filin sau uku hannu a baya, ya gano matsalar. Ɗanyen yashi ya ba ta, ita kuwa jaririya ce, dafaffe take so. Dafaffen yashi kuma kwalba ce.

Gidansa ya fara sharewa, duk wata kwalba ya kwashe. Maman Biyu ta dawo daga kasuwa ta tarar da maɓallanta a zube cikin faranti, man girki a kofi, gilashin tagar kicin da ya tsage tun bara an cire shi, iska na shiga yadda take so. Daga nan ya bi shaguna da bola da buhu a kafaɗa, har mutanen unguwa suka fara tambayar Maman Biyu a ɓoye ko lafiyar maigidan ƙalau. Da ya tara buhu tara ya tura su a baro zuwa wurin Mai Niƙa, ya shiga layi a bayan mata masu hatsi. Mai Niƙa ya ji ƙarar da buhun ya yi da aka ajiye, ya kashe inji.

"Injiniya, mene ne a ciki?"

"Taki ne. Ka niƙa min shi luƙwi."

"Takin ne yake ƙara haka?"

"Na zamani ne."

Mai Niƙa ya kwance bakin buhu ya leƙa, ya ɗaure, ya ce injin nan abincin mutane yake niƙawa, kuma in Injiniya bai fitar da kayan nan ba kafin ya ƙirga uku, shi Injiniyan zai zuba a injin har da hularsa. Matan layi suka raka shi da guɗar dariya har bakin titi. Ya koma gida ya nufi turmi, ya tarar Maman Biyu ta riga shi, ta kife turmin ta zauna a kai tana yanke farce. Ya ga babu amfanin buɗe zancen.

Sai ya sake tuna Direba. Ya jera buhunan a kan hanya ya ce ya bi ta kansu da tifa, gaba da baya, sau biyar.

"Yaya, taya fa roba ce."

"Kai ba ka da lissafi. Kwalba a cikin me take? Buhu. To buhu ne zai taɓa tayarka, ba kwalba ba."

Direba ya juya maganar, ya rasa ta inda zai kama ta, ga kuma nauyin mijin yaya, sai ya hau mota. Zuwan farko lafiya. A na biyu taya ta yi wata ƙara da ta tayar da tsuntsayen fadama duka, ta kusa da ita ta bi bayanta. Direba ya sauko ya zagaya motar, ya dawo ya ce wa Injiniya daga yau in ya gan shi a hanya kada ma ya ɗaga masa hannu. Injiniya ya ce ai tun farko ya lura tayoyin sun tsufa. Amma kwalabe dai sun farfashe, kuma abin da yake so ke nan.

Ya watsa su a fili kamar mai watsa taki. Da rana ta take wurin ya ɗauki ƙyalli, kore da fari da ruwan ƙasa, masu wucewa na tsayawa suna kare ido. Injiniya ya riƙa ce musu sun ga, har ya fara aiki. Shinkafar dai ba ta ce komai ba, ciyawa ce ta yi ƙarfin hali ta fito. Matan da ke aikin cire ciyawa suka zo su huɗu, suka dubi filin, suka dubi ƙafafunsu, suka yi masa fatan alheri suka wuce filin Kawu. Ya ce su tafi, dama aikin na ƙwararru ne. Ya zura dogayen takalman roba ya shiga da kansa. Taku na bakwai takalmin hagu ya nutse ya ƙi fitowa, ya fizga, ƙafa ta fito takalmi ya zauna. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana lilo, hannaye a sama, ya san dai ba zai taka da tsirarar ƙafa ba. Don haka ya zaɓi ya zauna.

Ihun da ya yi, mutumin fili lamba talatin ya rantse ya ji shi.

A baro aka kai shi gida, a kife. Mai kemis ya zo ya yi masa allura ya wanke wurin, Maman Biyu kuma ta ɗauko hantsakinta na ɗinki ta zauna da faranti, tana cirewa tana jefawa. Guda goma sha huɗu ta fitar. Da ta ɗago wani kore ta ce ta gane shi, kwalbar man girkinta ce ta dawo gida. Kwana tara ya yi a rub da ciki, 'yan dubiya na shigowa yana yi musu lacca daga kan tabarma, fuska a matashi, cewa duk wani babban bincike sai an zubar masa da jini.

A cikin 'yan dubiyar har da Malamar Gona, ta zo da buhun tokar buntu da Kawu ya aiko. Ta zauna ta yi masa magana a hankali, ta ce yashin nan da kwalaben za su narke, amma sai dai jikan jikansa ya jira. Silikon da ke cikin buntu shuka ce ta riga ta sha shi ta ajiye, shi ya sa tokarsa ke sakar wa ƙasa shi. Ta ce tsakiyar filin ta riga ta tafi, amma in ya rufe rijiyar ya koma ruwan ƙungiya, wataƙila gefe ya tsira. Injiniya ya yi godiya irin ta wanda aka kawo wa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce a ajiye buhun a bayan ƙofa.

Buhun kuwa ya yi amfani, ko da yake ba yadda Malama ta nufa ba. Da ya warke ya koma gona ya tarar ba ya iya zama a kan komai mai tauri, toka kuma laushi gare ta. Ya kai buhun kusurwar da ke jikin iyakar Kawu, inda yashi da kwalba suka ƙare masa kafin su kai, ya mayar da shi kujera. Buhun na da ɓula. Duk zaman da ya yi sai toka ta yi tsartuwa ta faɗa cikin ruwa, ruwan kuma na Kawu ne da ke yoyo ta ƙarƙashin iyaka. Nan yake wuni yana kallon tsakiyar fili yana jiran kwalba ta fara aiki, bai ko lura da abin da ke faruwa a gindin ƙafarsa ba sai da shinkafar wurin ta yi tsayi.

Ranar duba gona ta zo. Sakatare na gaba da littafi, Malama na biye, sai manoma, sai mutum goma sha ɗayan nan masu jira, kowa ya sa rigar kirki yana taka ƙasa kamar ya riga ya mallake ta. Maman Biyu ma ta rufe keken ɗinki ta biyo su, don ta kasa zama. Filin Kawu kore shar, ya fitar da kai. Filin Injiniya kuwa jajayen tsinke ne a tsaye cikin farin gishiri suna ƙyalli, sai wannan kusurwa, faɗin tabarma biyu, da ta yi kore ta fara fitar da zangarniya.

Sakatare mutum ne mai tausayi. Ya buɗa littafin doka ya ce abin da aka rubuta shi ne shuka ta mutu, wannan kuwa ba za a ce ta mutu duka ba, tunda ga mai rai. Zai rubuta an ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi. Maman Biyu ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Da Injiniya ya yi shiru na minti ɗaya kacal, da an wuce filin gaba.

"Ɗaga ƙafa? Ni za a ɗaga wa ƙafa? Jama'a, wannan da kuke gani shi ne sakamakon farko. Kwalba daga gefe take fara aiki."

Kawu ya nuna buhun da ya lotsa da sandarsa, ya ce shi dai toka yake gani a wurin da ruwan filinsa, kuma in akwai abin da Injiniya ya yi wa shukar nan, to zama ne. Dariya ta ɓarke har Sakatare ya rufe baki da littafi. Injiniya ya ji kamar an kwaɗa masa mari. Ya ce dama ya san za a yi musu, shi ya sa ya zo da shiri. Ya yaye buhun da ya rufe wata ganga a gefe. Rabin buhun gishiri ya jiƙa a ciki tun safe. Ya ce zai shayar da kusurwar nan a gabansu, su ga yadda shinkafar kamfani ke shan gishiri ta yi gyatsa.

Malama ta matso da sauri. "Baba, don Allah kada ka zuba. Juriya na ce tana ƙarawa, ban ce sulke ba ne. Ko ta Kawu ka zuba wa wannan, mutuwa za ta yi."

"Ta Kawu ai ta toka ce."

"Maigida," in ji Maman Biyu, muryarta ƙasa-ƙasa, "an ba ka. Ka karɓa mu tafi gida."

Ya dube ta, kuma na yi imani a wannan lokacin ya so ya ji maganarta. Amma idon mutum hamsin na kansa, ga bokiti a hannu. Ya kamfata ya sheƙa. Ya sake, har shida. Ya kaɗe hannu ya ce su je su gama zagayensu su dawo.

Awa biyu suka yi suna zagaye, rana kuma ta buɗe sosai. Da suka dawo ganyen sun nannaɗe sun zama kamar tsinken tsintsiya, zangarniyoyin sun sunkuya har suna taɓa ruwa. Injiniya na tsaye a gefe, gumi na bin ƙasan hularsa. Ya ce gaisuwa suke yi wa manyan baƙi. Kawu ya ce a'a, bankwana dai. Malama ta tsuguna ta tumɓuke guda ta duba saiwar, ta girgiza kai. Sakatare ya soke abin da ya fara rubutawa, ya rubuta shekara ta biyu, ya juya shafi zuwa jerin masu jira.



Sakatare ya kira na farko. Mutumin ya matso bakin fili ya taɓa ƙasa da tsinin takalminsa, wani abu ya yi ƙaras, ya ja da baya ya ce shi da iyalinsa ba takalmi suke shiga gona da shi ba, a ba na bayansa. Na biyu ya ce shekara shida yana jira, ƙarin shida ba za su kashe shi ba. Ta uku, wata mai sayar da kayan miya, ta ce ita gona ta nema ba bola ba. Na huɗu ko matsowa bai yi ba, daga nesa ya ɗaga hannu. Da farko Injiniya daɗi ya fara ji, yana ƙirgawa a zuci. Amma da aka kai na bakwai sai abin ya fara yi masa zafi ta wani wajen.

"Wai me ye laifin filin? Kai, zo ka duba da kyau. Ga shi kusa da hanya, ga silikon na shekara ɗari a ciki."

Maman Biyu ta mintsine shi a inda bai gama warkewa ba, ya haɗiye sauran tallan. Na takwas ya ƙi, na tara ya ƙi, na goma ya ce a cire sunansa gaba ɗaya in wannan ne rabonsa. Na sha ɗaya ya riga ya tafi gida.

Sai Kawu ya yi magana, kuma babu zolaya a muryarsa. Ya ce a filin nan suke zuwa karɓar iri wurin mahaifin Injiniya, kuma ranar da tsohon ya rasu har rigima aka yi a rumfar taro kan wanda zai samu lamba sha bakwai, shi ne ya tsaya ya ce a ajiye wa ɗansa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juya ya koma filinsa.

Ƙungiya ta yi shawara a tsaye. Tunda babu mai so, fili ya zauna a hannun Injiniya, da sharaɗin ya kwashe yashin ya tsince kwalaben kafin dashe mai zuwa, in ba haka ba a kewaye wurin da ƙaya a bar shi.

Washegari da sassafe yana bakin fili a tsugune da shebur da rariya. Wani mai keke ya tsaya ya tambaye shi yadda aka ƙare, Injiniya ya ce mutum goma sha ɗaya suka zo ƙwace masa gona, ko ɗaya bai iya ba. Mai keke ya wuce, Injiniya ya ci gaba da tankaɗe, kwalba gefe guda, yashi a baro. Kafin rana ta take faɗin tire ɗaya ya gama, ya kai ga baƙar ƙasar da ke ƙasa. Ya ɗebo ta a tafin hannu ya murza, ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage har zuwa ɗaya iyakar.

A haka Maman Biyu ta same shi da ta kawo abinci. Bai ɗago ba ya ce, "Goma sha ɗaya, Maman Biyu. Filin Baba, ko mutum ɗaya bai so ba."

"Na ji. Ina wurin."

Ta ajiye kwanon, ta tattare zaninta, ta karɓi rariyar daga hannunsa.

"Kai zuba, ni in tankaɗe. Amma in ka ce min uffan a kan kamfani, gida zan koma."

Ya buɗe baki, ya daɗe da shi a buɗe, sannan ya rufe ya ɗauki shebur.